"A ba da tazara": yadda dokokin korona suka toshe wa kurame makafi hanyar magana

Assalamu alaikum, jama'a. Ku ɗora tafin hannunku a bayan hannun wanda ke kusa da ku, shi kuma ya motsa yatsunsa a hankali, ku bi motsin. To, da haka wasu bayin Allah suke amsa gaisuwa, da haka suke jin labarin gida, da haka suke jin bayanin likita. Su ne waɗanda larurar ji da ta gani suka haɗe musu.

Ba kaɗan ba ne. Rahoton Tarayyar Kurame Makafi ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum 2 cikin kowane 1,000 na ɗauke da larurar mai tsanani, mutum 2 cikin 100 kuma na da mai sauƙi-sauƙi. Yawancinsu suna da ɗan ragowar gani ko ji. Wani da ita aka haife shi, kamar yadda annobar rubella (cuta mai kama da ƙyanda) ta 1964 zuwa 1965 a Amurka ta bar jarirai kusan 20,000 da lahani, da yawansu a ido da kunne. Wani gado ne, ciwon da ake kira Usher: a haife shi kurma, ido kuma ya riƙa dushewa yana girma. Wani tsufa ne. Mu kuma a nan mun san sanƙarau, wanda a 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, mafi yawa a Arewa, kuma ciwo ne da kan tafi da jin wanda ya tsira, wani lokacin har da ganinsa.

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya. Aka ce a ba da tazara, a sa takunkumi, a daina musafaha, a daina taɓa fuska. Dokoki ne na ceton rai, ba mai musun haka. Amma ku duba yadda suka faɗa kan mutumin da hannu ne kunnensa, hannu ne idonsa.

Akwai hanyar da ake kira Tadoma: mutum ya ɗora babban yatsansa a leɓen mai magana, sauran yatsun a muƙamuƙi da maƙogwaro, ya karanta motsin baki da rawar murya. Takunkumi ya rufe wannan. Mai ɗan ragowar gani da ke karanta leɓe shi ma ya rasa. A birnin Seattle na Amurka, tun wajen 2007 kurame makafi suka fara gina harshensu na taɓi, Protactile, inda ko dariya da "na ji ka" a jiki ake isar da su, a hannu ko a gwiwa. Ka ce wa mai wannan harshe ya matsa mita biyu, ai ka ce masa ya yi shiru ke nan har sai baba ta gani.

Sai maganar labari. A Amurka sai da ƙungiyar kurame ta ƙasa ta maka Fadar White House a kotu a watan Agusta 2020 kafin alƙali ya ba da umarnin a sa tafintan maganar hannu a jawaban korona. A Ingila wata kurma, Katie Rowley, ta yi nasara kan gwamnati a Yuli 2021 a kan irin wannan ƙorafi. Waɗannan fa kurame ne masu gani. Wanda ba ya gani, ko an sa tafinta a kusurwar talabijin bai amfana ba. Abin da yake buƙata rubutu ne tsantsa da na'urarsa za ta mayar rubutun makafi ya shafa da yatsa. Haka lauya Haben Girma, kurma makauniya wadda ta gama makarantar lauyoyi ta Harvard a 2013, take hira: kai ka buga a allon rubutu, ita ta karanta da yatsunta. Amma sanarwar da aka zana a hoto aka watsa a WhatsApp, na'urar ba ta da abin da za ta karanta a ciki.

Inda abin ya fi taɓa mini zuciya shi ne asibiti. Ku ɗauka an kai kurma makaho yana numfashi da ƙyar. A bakin ƙofa aka ce ba a shiga da 'yan rakiya, aka mayar da ɗan jagoransa. Yanzu yana kwance, hannaye sanye da safar roba suna juya shi, ana soka masa allura, ana ɗora masa wani abu a hanci, kuma ba wanda ya gaya masa ko mene ne. Ta yaya zai ce ƙirjinsa ke ciwo? Ta yaya zai amince da magani? Wanda aka mayar a ƙofa ba ɗan dubiya ba ne, shi ne hanyar maganarsa. A jihar Connecticut ta Amurka sai da ƙungiyoyi suka kai ƙara, sannan a Yuni 2020 aka wajabta wa asibitoci barin mai buƙata ta musamman ya shiga da mai taimaka masa, a ba shi kayan kariya.

Wannan ita ce wariyar da ake yi wa masu nakasa, kuma sau da yawa ba da ƙiyayya ake yin ta ba. A zauna a tsara doka kamar kowa yana gani yana ji, ba a gayyaci ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta gano cewa kusan mutum 6 cikin 10 da korona ta kashe a Ingila tsakanin Janairu da Nuwamba 2020 masu nakasa ne. A Najeriya tun Janairu 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya, wato kafin korona ta shigo, don haka haƙƙi ne, ba alfarma ba.

To idan kun haɗu da kurma makaho fa? Ku taɓa bayan hannunsa ko kafaɗarsa a hankali, ku dakata ya nemo hannunku. Inda hali ya yi, mace ta taimaki mace, namiji ya taimaki namiji. Ku sanar da shi ko ku wane ne, ko da rubuta haruffa a tafinsa da yatsa. Kada ku ja shi, ku ba shi gwiwar hannunku ya riƙe. Da shi za ku yi magana, ba da ɗan jagora ba, kuma kada ku tashi ba sallama, don kada ya ci gaba da magana ba kowa. Idan gobara ce ko wani haɗari, ku zana babban X a bayansa da yatsa: a wurare da dama sun san wannan alamar, ma'anarta a fita yanzu, bayani daga baya.

Mun sa cikakken rubutun wannan bidiyo a ƙasa, rubutu tsantsa ba hoto ba, domin na'urar rubutun makafi ta iya karanta shi.