Darasi: An sabunta PostgreSQL, aiki ya koma tafiyar hawainiya

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da warhaka. Yau a kan PostgreSQL, manhajar rumbun adana bayanai, za mu zauna. Wani ɗan'uwa ya turo mini saƙo, ya ce ya tashi daga siga ta 11 zuwa ta 16 da pg_upgrade, kayan aikin sabunta siga, komai ya tafi lami lafiya. Washegari rahoton da a da yake fitowa kafin ƙiftawar ido, sai an zauna zaman jiransa. Har ya fara zancen ƙaro RAM. Na ce, Malam, riƙe kuɗinka tukuna.

To, ku dubi allona. Bari in ƙara girman rubutun. Na ɗauko tambayar da ke jan ƙafa, na sa EXPLAIN ANALYZE a gabanta, umarnin da ke nuna yadda aka gudanar da ita. Kun ga wannan layin? Kalmar rows ta fito sau biyu. Ta farko hasashen PostgreSQL ce, ta biyu abin da ya tarar. Ya zaci layuka ƙalilan ne, ga shi ya kwaso dubbai. A kan wannan zaton ya zaɓi Nested Loop, yana ta kai da komo a tebur ɗaya.

Me ya sa ya yi zaton banza? Ƙididdigar teburori, wato bayanin yawa da yanayin abin da ke cikinsu, ce ba shi da ita. Kafin siga ta 18 da ta fito a 2025, pg_upgrade yana kwashe bayananka kaf, amma ya bar ƙididdigar a tsohon gida. Kamar direban da aka kai baƙon gari ba ɗan rakiya ne. Maganin kuwa layi ɗaya ne: vacuumdb --all --analyze-in-stages, wanda ke sake tattara ƙididdigar. Shi kansa pg_upgrade yana faɗin haka idan ya gama, mu ne ba ma karanta ƙarshen saƙo. Ni ma na taɓa faɗawa, na kwana ina zargin faifai.

Yauwa, ya kammala. Mu sake gwadawa. Kun gani, ya koma Hash Join, hanyar haɗa teburori da ba ta wannan kai da komon.

In har yanzu da nauyi, gangara ƙasan sakamakon, nemi inda aka rubuta JIT. A siga ta 11 aka kawo shi, amma a kashe yake. Daga ta 12, a 2019, aka bar shi a kunne. Da zarar hasashen nauyin tambaya ya haura 100000, sai ya tsaya harhaɗa ta zuwa harshen na'ura kafin ya fara aiki. Ga babban lissafi yana da rana. Ga ƙaramar tambaya kuwa, ɗaura sirdin ya fi tafiyar daɗewa. Rubuta SET jit = off a zamanka kaɗai, ka sake aunawa. Kar ka kashe wa kowa sai ka ga bambanci da idonka.

Masu yawan amfani da WITH, wato sa ƙaramar tambaya mai suna a cikin babba, ku ma siga ta 12 ta taɓa ku. Da, abin da ke ciki ana lissafa shi daban a ajiye. Yanzu, in sau ɗaya aka kira shi, sai a cuɗe shi da sauran tambayar. Galibi hakan ya fi, amma in naka ya lalace, sa AS MATERIALIZED ya koma yadda ka saba.

Af, na kusa mantawa. Buɗe postgresql.conf, fayil ɗin saiti, na sabuwar sigar, don ba ya gadon saitin tsohuwar. In ka tarar da saitunan RAM a yadda suka zo, shared_buffers a 128MB, work_mem a 4MB, to saitinka ya zauna a baya. Ɗauko tsohon fayil ɗin, ka jera su gefe da gefe, ka bi layi-layi. Shared_buffers kam sai ka sake tayar da sabar kafin ya kama.