Octavia Butler, 'yar mai aikatau da ta rubuta Kindred

Jama'a, assalamu alaikum. Wadda zan yi magana a kanta yau ita ce Octavia Butler, baƙar fatar Amurka mai rubuta ƙagaggun labaran kimiyya. An haife ta a Pasadena, jihar Kalifoniya, a 1947. Mahaifinta mai goge takalma ne, ya rasu tana ƙarama. Mahaifiyarta kuwa aikatau take yi a gidajen fararen fata, wani lokaci ta tafi da ita. A can yarinyar ta ga uwarta tana shiga ta ƙofar baya, ana faɗa mata baƙar magana tana haɗiyewa.

Ku riƙe wannan, don daga nan littafinta Kindred ya fito. Tana kwaleji, ta ji wani ɗalibi baƙar fata yana kumfar baki, wai iyaye da kakanni ragwaye ne tunda suka yarda aka taka su. Abin ya tsaya mata a rai. Ita ta san haƙurin uwarta ne ya ciyar da ita. Sai ta ƙirƙiro Dana, matar da ke zaune a Kalifoniya a 1976, amma ake fizgarta zuwa wata gona a jihar Maryland zamanin bauta, domin ta ceci ran wani yaro farar fata, ɗan mai bayi, wanda ashe kakanta ne na nesa. In ya mutu da wuri, ita ma babu ita. To, mai cika baki, a wannan halin yaya za ka yi? Butler ma ba ta bar Dana ta dawo lafiya ba, sai da ta rasa hannu ɗaya. A ganina wannan ya fi kowace huɗuba a kan bauta tasiri.

Littafin ya fito a 1979. Kafin nan ta sha wuya: wanke-wanke, aikin masana'anta, har da duba soyayyen dankali a kamfani. Takan tashi cikin dare ta yi rubutu kafin ta tafi aiki. Daga baya ta ci Hugo da Nebula, manyan kyaututtukan ƙagaggun labaran kimiyya, a 1995 kuma ta zama ta farko cikin marubutan wannan fanni da ta samu tallafin MacArthur, kuɗin da wata gidauniya a Amurka ke ba wa masu hazaƙa. Ta rasu a 2006 tana da shekara 58. Sai a 2020 wani littafinta, Parable of the Sower, ya shiga jerin waɗanda aka fi saye na jaridar New York Times.

Lokaci ya ƙure, sai mu ji masu tambaya.