Yadda ake bin sawun man da ke yoyo ƙarƙashin gidan mai

Ku dubi wannan murfin ƙarfen da ke tsakar gidan mai. Ƙarƙashinsa akwai tanki binne mai cin lita 20,000 ko fiye, kuma tun ranar da aka rufe shi da ƙasa ba wanda ya sake ganin jikinsa. Tsatsa na cin sa daga waje, ruwan da ya kwanta a gindinsa na cin sa daga ciki. Sau da yawa ma laifin ba na tankin ba ne, mahaɗar tiyo ce tsakaninsa da famfo, ko abin da ke zuba duk lokacin da tanka ta zo juye. A ce lita 0.4 ce kawai ke tsiyaya a awa guda. A shekara ta kai lita 3,500.

Esans da gazuwal sun fi ruwa rashin nauyi. Sai su ratsa yashi har su taras da ruwan ƙasa, su kwanta a kansa kamar man gyaɗa a kan miya. Daga nan benzin, wani sinadarin da ke cikin esans mai haddasa sankarar jini, ya narke ya bi ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce mikrogram 10 a litar ruwan sha (mikrogram kashi ɗaya ne cikin miliyan na gram). Litar esans guda mai kashi 1 cikin 100 na benzin ta isa ta kai sama da lita 800,000 na ruwa wannan iyaka, kuma hanci ba ya jin benzin a wannan adadi.

A Maradi wurin da tankin yake shi ke yanke hukunci. A kwarin Gulbi ruwa na kusa, nan da nan mai ya cim masa. A tudun da gari ya koma bayan ambaliyar 1945 ruwan ya fi nisa, mai zai daɗe a hanya, amma yashi ba ya riƙe shi har abada.

Bincike daga littafin lissafi yake farawa. Kullum a tsoma sandar awo, a gwada abin da ya shiga da abin da aka sayar. Giɓin da ke maimaituwa a gefe ɗaya na tsawon wata guda alama ce. A shafa wa bakin sandar maganin da ke sauya launi in ya taɓa ruwa, domin tankin da ruwa ke shiga, mai ma yana iya fita. Sai a rufe tanki da tiyo a gwada riƙon iskarsu.

Sannan a haƙa rijiyoyin awo, aƙalla uku, tun da wurare uku ne ke nuna inda ruwan ƙasa ya karkata: ɗaya ta inda ruwa ke fitowa, biyu ta inda ya nufa. A nan ne aka fi yin kuskure. Tiyon PVC mai faɗin milimita 50 ake sa wa rijiyar, kuma dole ɓangarensa mai tsaga-tsaga ya haye fuskar ruwa, wani a sama wani a ƙasa. In an nutsar da shi duka, man da ke yawo a sama ba zai shiga ba, sai a ce wuri lafiya lau alhali ba haka ba ne. Kada a haɗa tiyo da gam, gam na ɓata samfur. A zuba tsakuwa mai tsabta kewaye da tsagar, a toshe samanta da yumɓun bentonayit da siminti, don kada rijiyar kanta ta zama hanyar ƙazanta.

Wajen ɗibar samfur, a fara auna zurfin ruwa da kaurin man da ke kansa. A fitar da ruwan da ya kwana a tiyo, kamar ninki uku na cikinsa. A cika kwalbar gilas ta mililita 40 har baki, a rufe, a kife ta. In ka ga kumfa ko ɗaya, sake ɗiba, don benzin cikin wannan iskar yake gudu. A sa ta cikin ƙanƙara, zafinta ya tsaya wajen digiri 4, ta isa labo cikin kwana 14 idan an ɗiga mata asid. Da zafin watan Afrilu, kwalbar da ta yini a bayan mota ta tashi aiki.

Awo ɗaya ba ya isa, kuma wannan shi ne abin da ya fi damun mu. Da damina ruwan ƙasa yakan tashi ya danne mai cikin ƙofofin yashi, har ya ɓace daga rijiya. Da bazara ruwan ƙasa ya ja ƙasa, man ya sake bayyana, wani lokaci ya fi na da kauri. Wanda ya auna a Satumba kawai zai rubuta cewa an warke. Shi ya sa ake komawa duk wata uku, aƙalla shekara guda, a rijiyoyi ɗaya da hanya ɗaya.

Kafin sakamako ya fito, a zagaya maƙwabta a rubuta kowace rijiya da foraj, musamman na masu sayar da ruwa da na lambu, domin famfo mai ƙarfi yana jawo gurɓataccen ruwa wajensa. Inda aka samu benzin, a daina sha nan take. Tafasawa ba ta mayar da shi abin dogaro, turirin ma shaƙarsa ake yi a cikin ɗakin girki.