Tarin Fuka da Sida: Wa Zai Bi Sawun Mara Lafiya?

Jama'a, a Kamaru maganin tarin fuka kyauta ne, na rage kaifin sida ma kyauta ne tun 2007. Amma magani yana asibiti, mara lafiya yana gida, tsakaninsu kuwa akwai nisa, da kuɗin mashin, da kunya. Wannan tazarar likita ba zai cike ta shi kaɗai ba, ko a Marwa ko a Mokolo.

Mu fara daga unguwa. Wanda tari ya wuce mako 2 a jikinsa, ga gumin dare ga rama, ma'aikacin lafiya na unguwa zai ba shi 'yar roba ya kawo kaki. Kaki daga ƙirji ake so, a tofa a waje inda iska ke kaɗawa. Da yawa miyau suke kawowa, gwajin ya tashi a banza. Na'urar gwajin kaki ta GeneXpert tana ba da amsa cikin kamar awa 2, amma sai kakin ya isa gare ta. Nan ne aikin magajin gari: ya sa kuɗin man mashin ɗin da zai kai kakin cikin kasafi, ba sai an roƙa ba.

Duk mai tarin fuka a gwada masa sida, domin tarin ne ya fi kashe masu ɗauke da ita. A duba mutanen gidan ma, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, akwai maganin rigakafi dominsu.

Magani wata 6 ne: wata 2 ana shan iri 4, sannan wata 4 ana shan iri 2. Fitsari zai yi ja, ba komai ba ne, aikin rifampisin ne, ɗaya daga cikin magungunan. Inda ake faɗuwa shi ne wata na uku. Tari ya lafa, jiki ya dawo, sai masunci ya gangara kogin Logon, makiyayi ya bi shanunsa. Ƙwayar cutar ba ta mutu ba, tana iya dawowa ta ƙi jin magani. Jauro da lawan su suka san wanda ya tashi da inda ya nufa, don haka kujerarsu a kwamitin lafiya, wato COSA, ba ta ado ba ce. A rubuta wa matafiyi takardar canjin asibiti tun kafin ya ɗaure kaya.

Wuraren cunkoso, irin gidan yari da sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, can a kai gwaji, kada a jira su zo.

Abu ɗaya kuma, ranka ya daɗe mai unguwa: a taron kwamiti adadi ake faɗa, ba suna ba. Ranar da aka ji sunan wata a bakin kasuwa, mata goma za su daina zuwa karɓar magani.