Darasin Haɗa Sauti: Yadda Pink Floyd Suka Yi Kiɗa da Reza

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Landan za mu leƙa, sitidiyon Abbey Road, inda ƙungiyar mawaƙan Birtaniya, Pink Floyd, suka ɗauki faifansu The Dark Side of the Moon daga tsakiyar 1972 zuwa farkon 1973. Ku samarin da kuke zaune gaban kwamfuta kuna jan sauti da linzami, ku matso kusa, da ku nake.

A lokacin babu kwamfuta a sitidiyo. Tef ne mai layi 16, sai reza, sai abin liƙi. Mu ɗauki waƙar nan "Money". Roger Waters, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya naɗi ƙarar sulalla, da ta takarda ana yagawa, da ta akwatin kuɗi na kanti. Sai aka yanyanka tef ɗin gida bakwai, tsawonsu ɗaya, aka liƙa su, aka haɗa kai da gindi ya zama zobe. Zoben nan ya yi wa na'urar tsawo, sai da aka zagaya da shi ta jikin sandar makirufo, yana juyawa suna bi da kiɗa.

To me ya sa bakwai? Yawancin waƙoƙin da kuke ji huɗu-huɗu ake ƙirga su. Wannan kuwa bakwai ce. Ku gwada da tafi: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, a koma ɗaya. Kun ji kamar ƙafa ta zame, ko? Yauwa, haka ake so. Da aka zo wurin da David Gilmour zai saki jita, sai suka koma huɗu, shi ya sa za ka ji waƙar ta buɗe a wurin. Ni dai a ganina nan gwanintar take, ba a ƙarar kuɗin ba.

Agogunan da ke kaɗawa a farkon waƙar "Time" kuma, injiniyansu Alan Parsons ne ya naɗo su a shagon tsofaffin agogo, aka zo aka jera su.

Sai mawaƙiya Clare Torry, a waƙar "The Great Gig in the Sky". An kira ta, aka ce ta rera ba tare da kalma ko ɗaya ba. Ta yi, aka biya ta fam 30, ta tafi gida. Sai a 2005, bayan ta kai ƙara, aka sa sunanta cikin marubutan waƙar. Masu sitidiyo, kun dai ji, a riƙa rubuta yarjejeniya.

Aikin gida: ku naɗi ƙara bakwai daga kicin da waya, cokali, murfin tukunya, turmi, duk abin da ya samu. Ku daidaita tsawonsu, ku juya su, ku ɗora ganga a kai. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.