Hirar Bakin Gareji: Jar RX-7 da haƙoranta shida

Nuhu: Salamu alaikum jama'a. Yau ba doguwar gaisuwa, don tun ranar Juma'a wayata ba ta huta ba. Kowa zancen jar motar nan yake, wadda aka gani a Aboabo, nan Kumasi, tana tofar da wuta ta salansa.

Zuwaira: Har a gidan suna a Asawase jiya ita ake yi. Wata tsohuwa cewa ta yi ta zaci janareto ne ya tsinke ya hau titi.

Masta Awudu: To tana wurina a Suame Magazine, unguwar makanikai, yanzu haka, an lulluɓe ta da tamfol. Mazda RX-7 ce, ƙirar 1993, irin wadda aka sayar a Amurka, shi ya sa sitiyarinta yake hagu. Mai ita ya zo da safe, ko zama bai yi ba, wai Masta ƙarfin doki 255 ya yi masa kaɗan, 400 yake so kafin Sallah.

Nuhu: Kuma zai yiwu, Masta?

Masta Awudu: Zai yiwu mana. Injinta, 13B ake ce masa, cc 1,308 ne kacal, Corolla ta fi shi girma a takarda, amma yana iya ba da 400 ɗin. Matsalar ita ce ta inda yaron yake so a fara. Wai a murɗa turbo a ƙara matsin iska kawai. Na ce masa ɗana, ba fistin a cikin wannan injin. Rotari ne, rota biyu ne ke juyawa a ciki maimakon fistin, kowane mai kusurwa uku, kuma a bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe da ke rufe wuta, ni haƙori nake ce masa. Shida ke nan. Injin fistin in ya yi ƙwanƙwasa zai yi maka haƙuri, ya yi ta gunaguni har ka kai gida. Wannan sau ɗaya rak, haƙori ya tafi.

Zuwaira: Kamar na Yaya Nuhu ke nan.

Nuhu: Zuwaira, don Allah kada ki soma.

Zuwaira: A'a, jama'a su ji. Tsakuwa ɗaya ce a cikin wake da shinkafa, ta safe, a bakin tasha.

Nuhu: Ba tsakuwa ba ce, ƙashin kifi ne.

Masta Awudu: Kifi mai ƙashin dutse! Ina wurin fa. Har ƙarar na ji, ƙas, na ɗaga kai ina neman yaron da ya yar da sifana.

Nuhu: Kuma kuka ci gaba da cin abincinku, ba wanda ya ce mini sannu.

Zuwaira: Mai abincin ta ce maka sannu, har ta ƙara maka ƙwai.

Nuhu: Ƙwan da na biya kuɗinsa!

Masta Awudu: Ka tauna shi ta gefen hagu, da idona na gani. Tun ranar kake tafiya da rota ɗaya.

Zuwaira: Shi ya sa yake feɗuwa in ya ce “sidi”.

Nuhu: To na ji. Mu koma kan mota, Masta. Ai injin nan ne ya ci tseren Le Mans a Faransa a 1991.

Masta Awudu: Waccan Mazda 787B ce ta tsere, rota huɗu gare ta, da injiniyoyi tsaye a kanta dare da rana. Wannan kuwa za ta kwana ne a ƙurar Kumasi. Bari in ba ku labarin wata da aka jawo mini daga Accra shekarun baya. Mai ita ya cire salansar kamfani ya sa buɗaɗɗiya, ya buɗe hanyar shan iska, bai taɓa komai a ɓangaren mai ba. To da ka buɗe mata numfashi, turbo kan zarce matsin da aka tsara mata, wajen psi 10, da kanta. Iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, wuta ta yi zafi. Ya hau babban titin Tema ya take totur, motar kuwa turbo biyu gare ta, daidai inda ta biyun take shigowa, wajen juyi 4,500 a minti, sai ya ji ta yi tari. Da na buɗe injin, gutsuren haƙorin ya karce bangon gidan rota kamar an ja ƙusa a jikin faranti, ya fita ta salansa, a hanya ya cinye fukafukan turbo. Kuma gidan rota ba bulok ba ne da za a kai wa masu boriya a nan Magazine su gyara. Fuskarsa shafen kurom ce, in ta karce sai sabo, sai ka jira jirgi.

Zuwaira: To Masta, da me za ka fara wa wannan?

Masta Awudu: Da abin da ba ya burge kowa. Awon matsin inji tukuna, in ga ko haƙoran suna da rai. Sai sanyaya. Lagireton kamfani bakinsa roba ne, shekara talatin yana shan zafi, ga wani ɗan tankin ruwa shi ma na roba da yake fashewa ba sallama. Duka a mayar da su na alminiyam. Motar nan zafi ne ajalinta, balle a cunkoson Kejetia da rana tsaka. Bayan nan famfon mai babba, da injekta masu feso man, don na kamfani ƙanana ne, ba za su ciyar da doki 400 ba. Sai kwamfuta da za a iya saitawa, irin Power FC ko Haltech, da mutumin da ya san saita rotari, ba mai kallon bidiyo yana gwaji a motar mutane ba.

Nuhu: Baƙin man da ake zubawa a tanki fa? Na ga yaron yana yi, na ce ko babur ya mayar da ita.

Masta Awudu: Wannan ya yi daidai. Injin da ma yana shan baƙin mai da gangan don shafa wa haƙoran, akwai ɗan famfo na musamman. Masu ita da yawa kan ƙara man inji mai bugu biyu a cikin fetur saboda kwanciyar hankali. Sai bayan duk wannan a zo maganar turbo. Ni da tawa ce, biyun nan zan cire da tarin tayoyin iskan da ke ƙarƙashinsu, waɗanda in ka taɓa ɗaya uku su karye a hannunka, in sa babba guda ɗaya.

Zuwaira: Sai ya je ina da doki 400 ɗin? Tudun rage gudu na farko a Aboabo zai kwashe mata ciki.

Nuhu: Ai shi ne tambayar da masu sauraro suka fi aikowa, kuɗin duka nawa ne, kuma ya cancanta ko...

Masta Awudu: Tsaya, ga shi nan yana kira. Halo? A'a! Kada ka tayar da ita ka kashe tana sanyi, za ta shaƙe da mai, falogi huɗun duka za su jiƙe. Ka bar makullin wurin yaro, ga ni nan.

Nuhu: Masta, kuɗin fa?

Masta Awudu: Sati mai zuwa. Zuwaira, miƙo mini hulata.