Aikin wucin gadi a CV: ka sa shi ko ka share?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar CV za mu yi, amma ba duka CV ɗin ba, wani ɗan lungu ne a cikinsa da yake ba mutane ciwon kai, wato aikin wucin gadi. Irin aikin nan da aka ɗauke ka na wata uku don wata ma'aikaciya ta tafi hutun haihuwa, ko wata biyu lokacin da aiki ya yi wa kamfani yawa ana neman ƙarin hannu, ko kwantiragin wata shida na shigar da bayanai a kwamfuta, aka gama aka ce an gode, kowa ya kama gabansa. Toh yanzu ga ka a zaune kana haɗa CV, ka zo wajen ayyukan da ka taɓa yi, sai ka tsaya kana ta saƙe-saƙe, in sa ko in share?

Ni dai cewa zan yi ka sa. Yadda za ka sa ɗin ne abin da ya tara mu.

Mu fara da wanda zai karanta takardar. Wannan bawan Allah ba CV ɗinka kaɗai ne a gabansa ba, tuli ne, kuma karon farko ba karatu yake yi ba, leƙe ne kawai, idonsa na neman abu uku: muƙamin da ka riƙe, inda ka riƙe shi, da kwanan wata. Sai ya ga Fabrairu zuwa Afrilu, ya ga Yuni zuwa Satumba, ya ga Nuwamba zuwa Janairu, wuri uku cikin shekara ɗaya. Me kake jin zai zo masa a rai? Ɗayan biyu, ko dai korar mutumin nan ake yi, ko kuma shi ne ba ya iya zama wuri ɗaya. Kuma kar ka ga laifinsa, ɗaukar ma'aikaci wahala gare shi, a fitar da sanarwa, a tace mutane, a yi intabiyu, a zauna a koya maka aiki, ba wanda zai so ya sha wannan wahalar wata uku ka ɗau jakarka ka yi gaba. Toh wannan tsoron nasa shi za ka kashe tun bai buɗe baki ya tambaya ba.

Duba allo. Layi na farko ya ce: ma'aikacin sito, Maris 2022 zuwa Yuni 2022. Shikenan. Mai karatu zai cike sauran labarin da kansa, kuma yawanci ba mai daɗin zai zaɓa ba. Yanzu duba na biyu: ma'aikacin sito, kwantiragin wata huɗu, Maris 2022 zuwa Yuni 2022. Aiki ɗaya, mutum ɗaya, kalma uku kawai aka ƙara, amma yanzu ya san tun ranar da aka ɗauke ka an yanka wa aikin wa'adi, ka cika wa'adinka ka tafi lafiya lau. In da turanci kake rubuta CV ɗin, kalmar da ake sawa kusa da muƙamin ita ce contract ko temporary, in kuma aikin na wani lokaci ne a shekara da yake zuwa ya wuce, sai ka sa seasonal. In ka san dalilin ɗaukar ma ka faɗa, misali riƙon kujerar wadda ta tafi hutun haihuwa, wannan ma ya fi, don ya nuna an yarda da kai an damƙa maka aikin wani kacokan.

Wanda kuma ya ce shi kunya yake ji gara ya share, toh malam ka duba me za ka bari a wurin. Giɓi. Shekara guda fayau ba komai, alhali kuwa a shekarar nan kullum sai ka yi sammako ka fita aiki. Ka ɗauki guminka ka zubar, sannan a intabiyu a tambaye ka me ka yi a wannan shekarar ka fara kame-kame.

Yanzu ga wurin da nake so ku ba ni kunnuwanku sosai, don ni kaina nan na taɓa faɗawa rami. Wani aikin wucin gadin ba kamfanin da kake zuwa kullum ne ya ɗauke ka ba, wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke ka ya tura ka can, shi yake biyanka albashi, sunanka a littafinsa yake. Tsarin nan ba yau aka fara shi ba, kamfanin Kelly a Amurka tun 1946 suke yinsa, Manpower 1948, Randstad a ƙasar Holan 1960, Adecco kuma an kafa shi 1996 da aka haɗe kamfanoni biyu. Har Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kansa a 1997, mai lamba 181, inda ta bayyana abin ƙarara: kamfanin samar da ma'aikata shi ne ya ɗauke ka, ɗayan kuma aron ka aka ba shi, shi yake sa ka aiki yake duba ka. Kaga kenan iyayen gida biyu gare ka, kuma duk wani mai ɗaukar ma'aikata da ya san aikinsa ya san da haka, ba abin ɓoyewa ba ne.

Ni lokacin ban gane ba. An tura ni wani babban kamfani na yi wata biyar, da na zo rubuta CV sai na ga ai sunan babban kamfanin ya fi ƙyalli, na manna shi shi kaɗai, na share wanda ya tura ni. Na yi intabiyu, komai ya tafi daidai, har na fara guge riguna. Bayan kwana huɗu wata mata ta kira ni daga ofishin ɗaukar ma'aikata, muryarta a sanyaye, ta ce sun tuntuɓi wancan kamfanin an duba an ce ba su taɓa samun ma'aikaci mai sunana ba. Wallahi sai da gumi ya karyo min a tsaye. Kuma fa ba ƙarya suka yi ba, sunana ba ya cikin jerin masu albashinsu, ta ina za su san ni? Na yi ta bayani, na tura takardar kwantiragi, amma kun san ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da rabin ƙarya ce, an riga an sa min alamar tambaya. Aikin dai wani aka ba.

Saboda haka ka rubuta su duka biyun. Muƙaminka, sannan sunan kamfanin da ya ɗauke ka, sannan ka ce an tura ni kamfani kaza. Ka sami ƙyallin babban sunan, kuma duk wanda ya ɗaga waya don bincike zai tarar da magana ɗaya. In kuwa ka sa hannu a takardar sirri cewa ba za ka ambaci sunan inda aka tura ka ba, kar ka karya alƙawari don CV, ka ce wani babban banki, ko wani kamfanin sadarwa, ya wadatar.

Toh in ayyukan suna da yawa fa, kamar shida ko bakwai cikin shekara biyu? Kar ka jera su ɗaya bayan ɗaya kowanne da nasa babban kanu, takardar za ta cika, kuma ido zai ga tsalle-tsalle ne kawai. Tara su za ka yi ƙarƙashin inuwa ɗaya. Duba misalin nan a allo. A sama: ma'aikaciyar ofis ta wucin gadi, sai sunan kamfanin da yake tura ki, Janairu 2021 zuwa Disamba 2022. Kinga yanzu abin da ido zai fara gani shekara biyu ne cur, ba wata uku-uku ba. A ƙasa kuma sai ƙananan layuka, wani asibiti wata biyar, karɓar marasa lafiya da tsara layin ganin likita, wani kamfanin inshora wata huɗu, shigar da bayanan kwastomomi, wata makaranta wata uku, rajistar sabbin ɗalibai. Ba dole sai kin kawo duka bakwai ɗin ba, ki zaɓi uku ko huɗu da suka fi kama da aikin da kike nema yanzu, sauran ki dunƙule su a layi ɗaya. In ba kamfani ɗaya ne ya riƙa tura ki ba, ke kike nemo abinki, duk da haka za ki iya yin kanu ɗaya ki kira shi ayyukan kwantiragi, ki sa kowanne da watanninsa a ƙasa. Na baya-bayan nan shi ne a sama, haka ake jerawa.

Maganar kwanan wata, akwai wata dabara da ake ba mutane wai su sa shekara kawai ba wata. Ka fara aiki Disamba 2022 ka gama Janairu 2023, sai ka rubuta 2022 zuwa 2023, a ɗauka shekara ka yi. Ni gaskiya ban goyi bayan wannan ba. Masu tace CV sun ga irinta sun gaji, tambayar farko a intabiyu za ta zama wane wata ka fara, daga nan kuma kai ne a ƙasa. Sa wata da shekara, kuma salon da ka ɗauka a layin farko shi za ka bi har ƙarshe. Wani dalilin kuma, manyan kamfanoni da yawa manhaja ce take fara karɓar CV kafin ya kai hannun mutum, ita take zaƙulo muƙami da sunan kamfani da kwanan wata ta zuba a ma'ajiyarsu, in ka cika takardar da akwatuna da hotuna da zane-zane tana iya rikicewa ta haɗa wannan da wancan. Rubutu miƙaƙƙe, sama zuwa ƙasa, ya fi maka.

Sai abin da za ka rubuta ƙarƙashin kowane aiki, nan ne mai aikin wucin gadi yake da abin da na dindindin ba shi da shi amma bai san yana da shi ba. Ka tuna ranarka ta farko a wurin nan, ba wanda ya ba ka wata guda na koyo, an nuna maka kujera, an ba ka lambar shiga kwamfuta, wanda ya kamata ya nuna maka aikin ma yana ta sauri zai shiga mitin, zuwa rana ta uku an fara tambayarka ina fayil kaza kamar a nan aka haife ka. Ka yi haka sau uku, sau huɗu, a wurare daban, da manhaja daban, da manajoji masu hali daban. Wannan shi ne hajarka. Amma kar ka rubuta wai ina da saurin koyo, kowa haka yake rubutawa har wanda ba ya koyon komai. Faɗi abin da ya faru. Na tarar da rasit na wata biyu a jibge ba a shigar ba, na kammala su cikin sati uku. Na koyi manhajar sito a satin farko, kafin in tafi ni na koya wa wanda ya gaje ni. In kana da adadi ka sa, amma wanda ka tabbatar, in ba ka tuna ba kar ka ƙirƙira, don za a iya ce maka ya aka yi ka lissafa.

Kuma dan Allah, in an taɓa ƙara maka wa'adi, ko an sake kiranka bayan ka tafi, kar ka kuskura ka manta da shi. An ɗauke ni wata uku, aka sabunta kwantiragin sau biyu. Layin nan ɗaya ya fi shafi guda na yabon kai, saboda ba kai kake cewa ka iya ba, mutanen da suka ga aikinka ne suka sake buɗe aljihu.

Akwai wanda za ka iya bari? Akwai. Aikin kwana uku da ka yi shekara goma da suka wuce, ba ruwansa da abin da kake nema, bar shi ya huta, CV ba tarihin rayuwa ba ne. Amma a kula, in fom aka ba ka aka ce ka lissafo duk inda ka taɓa aiki, ka sa hannu a ƙasa, wannan daban ne, nan kam sai ka kawo duka.

A saman CV ɗin, wajen 'yan layukan gabatar da kai, ka faɗi inda ka dosa: shekara biyu ina ayyukan kwantiragi a ofisoshi daban-daban, yanzu aikin dindindin nake nema. In kana da LinkedIn ka je ka gyara shi ya yi daidai da takardar, akwai wurin zaɓar nau'in aiki a can, ka zaɓi na kwantiragi ko na wucin gadi, kar CV ya ce wata huɗu can kuma ya ce shekara.

Wanda kuma yanzu haka yake tsakiyar irin wannan aikin, kafin satinka na ƙarshe ya ƙare ka sami wanda yake duba aikinka, ka tambaye shi cikin ladabi ko zai yarda ka sa sunansa a matsayin mai ba da shaida, ka karɓi lambarsa da imel, in da hali ya rubuta maka 'yar takarda. Ka buɗe littafi ka rubuta ranar da ka fara, ranar da za ka gama, manhajojin da ka taɓa, da yawan abin da ya bi ta hannunka, sannan ka ɗauki hoton takardar kwantiragin ka adana. Bayan shekara ɗaya manajan nan wataƙila ya canza wurin aiki, kai kuma ka manta ko Maris ka fara ko Afrilu.

A bidiyo na gaba za mu ɗauki tambayar nan ta intabiyu, me ya sa ba su riƙe ka ba, mu ga yadda ake amsa ta. Sai mun haɗu, a huta lafiya.